Tafkin da Sharmistha Ta Zaɓa

Lahadi, 5 ga Fabrairu

An kawo mana sabuwar injiniya daga birnin Khulna, Sharmistha Mondal. A zaman majalisa ta baje taswira ta nuna inda teku za ta kai nan da shekara ashirin, ta ce gishiri zai cinye rijiyoyinmu kaf. Ciyaman Mosharraf har da tafi. Shekara tara ina kansila, shekara tara ina faɗin wannan magana, amsar da nake samu ita ce, "Monowara Apa, zauna ki sha shayi." Apa, wato Yaya, haka kowa ke kirana. Ashe taswira ce ba ni da ita.

Talata, 7 ga Fabrairu

Kujerar kusa da fanka aka ba ta. Tawa ce.

Litinin, 13 ga Fabrairu

Shirin ya fito. Za a ɗaga ganuwar ƙasa a kewaye tafkuna uku don tare ambaliyar teku, a sa matatar yashi mai tace ruwan sha. A unguwata Sharmistha ta zaɓi tafkin Gazi, wai shi ne mafi faɗi. Dariya ta kusa kuɓuce mini. Ko amarya ta san ba a shan ruwan Gazi daga Maris, gishiri na tsattsafowa ta ƙasa daga gonar jatan lande da ke bayansa. A Janairu aka auna mata, ta ga lafiya lau.

Ta juyo ta ce, "Apa, akwai gyara?"

Na ce, "Mu da ba mu je jami'a ba?"

Bari ta gina. A ga ƙarshen ilimi.

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Mijina ya dawo daga kasuwa yana cewa kowa yabon yarinyar yake. Na ce ya je ta dafa masa shinkafa.

Laraba, 22 ga Fabrairu

Na kai surukata Dilruba asibiti, cikinta wata bakwai, ƙafafu sun kumbura. Jini ya hau. Likita ta tambayi ruwan da muke sha, ta ce gishirin ya yi mata yawa. A hanyar dawowa muka wuce matan unguwata da tuluna, tafiyar awa guda zuwa ruwa mai daɗi. Tsohuwa Anowara ta ƙwala mini kira: "Kansila, an ce bana tulu zai huta! Ke kika yi mana ko 'yar Khulna?"

Na yi murmushi kawai. Abincin rana bai shiga ba.

Alhamis, 2 ga Maris

Ban yi niyya ba. Wata takarda na je karɓa a ofis, sai na ji bakina yana ce wa Sharmistha, "Sa takalminki."

Na kai ta Gazi, na ɗebi ruwa a tafin hannu na ce ta ɗanɗana. Ta tofar.

"Tun yaushe kika sani, Apa?"

"Tun kafin a yaye ki."

Ba ta tambayi abin da ya hana ni faɗa ba. Da ma ta tambaya, da na samu abin faɗa da ita. Na nuna mata ƙaramin tafkin bayan makaranta, wanda bai taɓa yin gishiri ba. Ta rubuta duk abin da na ce, har da sunayen matan da za ta tambaya.

Litinin, 6 ga Maris

An canza zuwa tafkin makaranta. Ciyaman ya ce injiniyarmu akwai ido. Ta miƙe ta ce idon Monowara Apa ne, amma lokacin yana amsa waya. Takardar ta tafi gunduma da sunanta ita kaɗai. Ya ci mini rai, ba zan yi ƙarya ba.

Na ji ashe a ɗakin haya take ita kaɗai, biskit ne abincinta. Na ce ta zo gida ranar Juma'a. Ba don komai ba, so nake in ga ko 'yar birni ta iya cire ƙayar kifi.