Cokalin Kindirmon Jiya

Ulaisha, Riyad
Satumba, 1986

Zuwa ga uwargidana Sailuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Jamilatu da mutanen Malumfashi. Yaya ƙafar Gogo? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni lafiya lau, sai kewarku.

Na ga saƙon da Gogo ta sa kika rubuto, wai a bar mata Jamilatu ta shekara a wurinta. Uwata ce, Sailuba, amma wannan kam ba zai yiwu ba. Bizar dawowarku ta kusa ƙarewa. In yarinyar ta wuce lokaci, iƙamarta, wato takardar zamanta, ta mutu, sai na je gaban kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, ina roƙo. Ni da na zo ƙasar nan leburan tayal har na zama foman, ban taɓa roƙon mutumin nan komai ba. In Hausar Jamilatu ce ke ba mutanen gida dariya, su yi ta yi. Larabcin bakinta ko limamin unguwa ba shi da shi. Ku dawo tare.

Jibi kamfani zai tura ni Sifen duba marmara.

Naki,
Ɗanbala

Ulaisha, Riyad
Oktoba, 1986

Zuwa ga Sailuba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya. Yaya jikin Gogo, yaya Jamilatu? Jiya na sauka, gidan shiru kamar ba nawa ba.

Kada ki firgita da abin da zan faɗa: mijinki ya shiga gidan giya. Masu marmarar ne suka ce ba baƙon da zai bar garinsu bai ga rumbunsu na kaka da kakanni ba, ni kuwa na ji nauyin ƙi. Gini ne mai tsayi, duhu da sanyi kamar cikin rijiya, bango duk ya yi baƙi. Giya ce mai ƙarfi da da can suke lodawa jiragen ruwa. Da aka zo ɗanɗanawa aka jera ƙananan kofuna, na dafa ƙirji na yi godiya. Tsohon da ke zagayawa da mu bai ji haushi ba, ya aika aka matso mini ruwan inabi sabo. Wallahi iyakar abin da na sha ke nan.

Yadda suke aikin ne ya tsaya mini a rai. Gangunan katako ne an ɗora wasu kan wasu. Daga ta ƙasa, mafi tsufa, suke ɗiba, kuma kaɗan kawai, ba sa ƙarar da ita. Sai su cika ta daga ta samanta, sabuwar bana kuma a zuba ta can sama. Tsohon ya ce in sabuwa ba ta zauna da tsohuwa ba, ba ta ɗaukar ɗanɗanon gidan. Ya shafa wata ganga ya ce har yanzu akwai ta hannun kakansa a ciki.

Sailuba, ina tsaye a wurin da bai kamace ni ba, sai ga Gogo a idona. Kin san ba ta taɓa ƙarar da kindirmo. Ko muna kukan yunwa sai ta rage cokali ɗaya ta zuba a madarar gobe. Da wannan ƙwaryar kindirmon ta kai ni sakandare. Kuma kin ce da ta kira Jamilatu, yarinyar da Larabci ta amsa.

Yau da safe na je ofishin kafili. Ya bar ni tsaye har shayinsa ya huce, na roƙe shi kan iƙamar Jamilatu, kuma ban mutu ba. Ya ce zai duba baɗi, bai yi alkawari ba. Duk da haka ki bar Jamilatu wurin Gogo. Ke ki dawo, don ni ma ba na ɗaukar ɗanɗano ni kaɗai.

Ki saya mata ƙaramar ƙwarya tata. Ki gaida Gogo, amma kada ki faɗa mata inda na tuna da ita.

Naki har kullum,
Ɗanbala