Madubin Baba a Wuyan Ɗan Gwaggo

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa mai yawa gare ki, da fatan takardar nan ta same ku lafiya ƙalau, ke da maigidanki da yara. Allah Ya raba ku da zazzaɓin da kika ce ya zagaye unguwarku, Ya sauke ki lafiya, Ya ba mu mai albarka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwa da kanta tana rigima da masu kayan miya. Auta ta fara koyon ɗinki, ta riga ta lalata mini riga ɗaya. Baba yana ci yana barci, idon dai yana nan yadda kika bar shi, haske da duhu kawai yake rabewa. Shagon askina kuma yana tafiya, in an kawo wuta.

Za ki ce me ya hana ni kira. Kin san kunnen Baba tun da ido ya tafi. Ko a bayan gida na tsaya da waya ina raɗa, da na fito zai tambaye ni me na ce wa 'yarsa. Shi ya sa na rubuta, na ba direban nan maƙwabcinmu ya kawo miki hannu da hannu.

Yaya, Baba ya ɗauki madubin hangen nesansa ya rataya wa ɗan Gwaggo. Madubin nan dai da kika sani, mai igiyar fata, wanda maigidansa ya ba shi ranar da ya bar aikin barga, wanda ko taɓawa muka yi muna yara sai mun sha ranƙwashi. Shi ne yanzu a wuyan bakanike, mutumin da in kika ce ya nuna miki goɗiya sai ya sunkuya ya leƙa.

Ki tuna wa ya zauna da Baba tun da ya daina gani. Ni ne duk Asabar nake rufe shago a ranar da ta fi ciniki, in riƙe hannunsa mu tafi filin sukuwa, in samar masa wuri a bakin shinge, in sa madubi in zame masa ido. Ke shaida ce ban yi nisa a makaranta ba. Da takardar tseren nan da ake sayarwa a ƙofar fili na koya wa kaina karatu, ina haɗa baƙi ina tuntuɓe, abokan aski suna dariya, don kawai in riƙa karanta wa Baba sunayen dawaki. Yau kuwa ba suna kaɗai nake karantawa ba. Ina duba nisan da doki ya saba ci, da nauyin da aka ɗora masa, da wanda zai hau shi, da ko ƙasa busasshiya yake so ko mai laima, da tsawon hutun da ya samu. Mutane suna zuwa shagona da gashin da bai isa aski ba, don su ji wanda na zaɓa. Kuma kada ranki ya tashi, ba caca nake yi ba, Baba zai tsine mini. Daɗin a ce ka faɗa kuma ta tabbata, shi ke nan.

Shi kuwa ɗan Gwaggo, watan jiya ya fara bin mu, wai garejinsu ba aiki ranar Asabar. Ba ya kawo komai sai tambaya. Ya tambayi Baba me ya sa wancan yake kaɗa jela, me ya sa wannan yake tauna linzami, yaya ake gane doki ya gaji. Baba kuwa kin san shi, a taɓo masa zancen barga ya manta da azahar. Labarin da muka ji har muka haddace, shi sai ya buɗe baki yana jinjina kai kamar yau aka fara ba da shi. Ni in Baba ya faɗi abin da ya saɓa wa takarda nakan gyara masa, don ba na son ya ji kunya a gaban mutane. Shi kuwa komai aka ce, sai ya ce haka ne Kawu.

To ga abin da ya faru Asabar da ta wuce, ki yi mana alƙalanci. An yi ruwa da safe, fili ya yi laushi. A babban tseren akwai wani akawal, baƙi wuluk, wanda Baba ya ce jikan dokin da ya raina da hannunsa ne, wai tun daga haniniyarsa ya gane jinin. Ya ce shi zai ci. Na ce masa, Baba, ba zai ci ba, dokin nan bai taɓa yin abin kirki a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, an yi masa nauyi, tseren kuma ya yi masa gajarta. Na ce wata farar goɗiya ce za ta ci, mara jiki, wadda kowa ya raina. Tsofaffin da ke wurin suka yi mini ca, wai yaro zai koya wa mai barga doki. Ɗan Gwaggo ya ce shi dai yana bayan Kawu.

Aka sake su. Yaya, goɗiyar nan ta fito daga can gefe kamar an harbo ta. Na bi ta da madubi tun daga kwanar farko, ina faɗa wa Baba ta wuce wannan, ta kamo wancan, ta shiga gaba, ta ba su rata. Har muryata ta dushe. Ta ci, ba da ƙyar ba. Na juyo ina jiran Baba ya dafa kaina, sai na tarar ya ba ni ƙeya. Ashe duk ihun da nake yi, kansa yana jingine wajen ɗan Gwaggo, shi kuma da tsurar idonsa yana ba shi labarin akawal: wai ya zame a kwana amma ya miƙe, wai laka ta rufe masa ƙirji, wai mahayin ya daina dukansa, wai ga shi ya wuce guda ɗaya, kunnuwansa a tsaye. Dokin da ya zo na kusa da ƙarshe! Baba yana share ido da bakin rawani yana cewa haka kakansa yake, ba ya sunkuyar da kai.

A nan, a gaban tsofaffin da suka gama yi mini dariya, Baba ya miƙo hannu ya lalubi wuyana, ya zare madubin, ya rataya wa ɗan Gwaggo. Ya ce ni Allah Ya ba ni takarda, ta ishe ni, shi kuma wannan a bar shi ya riƙa duba masa doki. Ko kalma ɗaya bai ce a kan goɗiyar ba. Da za mu tafi, hannun ɗan Gwaggo ya kama. Na biyo su a baya kamar ɗan rakiya.

Ni na faɗi gaskiya, ni na ci, shi aka ba kyauta. In na yi ƙarya ki gaya mini. Yanzu yana yawo da madubin har gareji, duk ya shafa masa baƙin mai a igiya. Shekaranjiya ya shigo shagona da shi a ƙirji, wai in rage masa gashi, yana ce mini malamin dawaki. Na yi masa askin, Allah Ya taimake shi ina tsoron Gwaggo. Inna ta ce in bar zancen, wai madubi ba gado ba ne tunda mai shi yana raye. Auta kuwa cewa ta yi wai ni na tafi kallon tserena ne, shi ya tafi kallon na Baba. Na ce ta je ta gyara rigar da ta ɓata.

Ga dalilin da ya sa nake gaggawa. Takardar Asabar mai zuwa ta fito, na kwana biyu ina juya ta. Akawal ɗin zai sake fita. An ƙara nisa, an rage masa nauyi, an sauya masa mahayi da wani mai sanyin hannu, ruwa kuma ya ɗauke, ƙasa ta bushe. Yaya, zai ci. Ban gaya wa kowa ba, ko masu zuwa shago na ce musu ban duba ba tukuna. Jikan dokin Baba zai shiga gaba a kwanar ƙarshe, kuma wai daga bakin bakanike Baba zai ji.

Don Allah ki kira Baba kafin Asabar. Ke yake jin maganarki. Kada ki ce na rubuto, ki dai tambaye shi ina madubi, ki nuna mamaki. In ya dawo mini da shi, to. In kuma ya ƙi, na riga na yanke shawara: ba zan zauna a shago ina huci ba. Ɗan Gwaggo kullum a dama yake tsayawa, ta nan ma ya riƙe hannun Baba ranar nan. Ni nake yi wa Baba aski, na san abin da shi bai sani ba: kunnen daman nan ya fara nauyi, na hagu ne mai ji. Nan zan tsaya, ba madubi, ba takarda a hannu, kuma daga sakin dawaki har ƙarshe ba zan ambaci kowane doki ba sai baƙin nan.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa ina nan ina jiran injin askin da ya yi mini alkawari. Ki gaishe da babbar 'yarki da mai sunan Baba, da surukarki, Allah Ya ƙara mata lafiya. Inna da Auta suna gaisuwa. Gwaggo ma ta ce a gaishe ki. Ɗanta bai ce ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Naki ƙane,
Mai aski