Wandon Roba Mai Yoyo

Laraba da dare, Catford.

'Yata Rifkatu ta kafe: in na sake dawowa daga tafki a jiƙe da tarin nan, kamun kifi ya ƙare. Sai na je Old Kent Road na sayo wandon roba mai kaiwa ƙirji, mafi araha. Na ɗura masa ruwa a baho, yadda muke gwada gora a Ibi. Ta gwiwa yake yoyo.

Na mayar, mai shagon ya ce, "Baba, ka jiƙa shi, babu refund." Na ce, "Wandon ruwa ka sayar mini ko na zuwa coci?"

Ni da na girma a Binuwai, yau 'yar cikina ke koya mini tsoron ruwa. Ta ɗora sandar ƙugiyata saman wardrobe. Ta san hannuna ya daina kaiwa can.