Kindirmo a Kan Wuta

Litinin, 3 ga Yuni

Ranar farko a kicin ɗin otal, nan Susa ta Tunisiya. Makarantar girkinmu ta Amman ta turo ni horon mako shida, kuma sai shugaban kicin ya sa hannu za a ba ni takardar kammalawa. Shef Munsif sunansa, gajere, ga murya. Ya dubi hannuwana ya ce, "'Yata, waɗannan sun taɓa riƙe kifi kuwa?" Na ce e. Ƙarya nake.

Laraba, 5 ga Yuni

Kifi arba'in na kankare. Har gashina ƙarni yake.

Asabar, 8 ga Yuni

Khaula, mai haɗa salak a gefena, ta tambaye ni garinmu. Na ce Irbid, a Jodan. Ai shekara goma sha biyu muna can, ba ƙarya ba ce duka. Ban dai ce a Homs ta Siriya aka haife ni ba, ban ce da ƙafa muka tsallako iyaka ba. Na gaji da kallon tausayin nan.

Larabcinsu kamar ana kora su. Rabin abin da Shef ya faɗa sai Khaula ta maimaita mini.

Talata, 11 ga Yuni

Abokan aiki sun ɗana mini harisa, daƙaƙƙen barkonon nan nasu, a kan burodi. Hawaye shaɓe-shaɓe. Shef ya ce, "Ku ba ta ruwa kar ta mutu a kan aikina." Ni ma dariyar na yi. Da yamma muka je bakin teku. Daɗi.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah, ta farko ba tare da Mama ba. Khaula ta ja ni gidansu. Da aka gama fiɗa mahaifiyarta ta ture mini kafaɗar rago ta ce, "Lujain, yi mana na garinku." Ban yi tunani ba na ɗora shakriyya, nama a cikin kindirmo, yadda Kaka take yi. Mahaifiyar Khaula ta dafe ƙirji: "Kindirmo a kan wuta? Za ki ɓata mini rago!" Faranti biyu ta ci.

Muna wanke-wanke ta ce, "Wannan hannun Siriya ne, na taɓa zama da maƙwabciya 'yar can." Na ce e, Inna, Homs. Na jira kallon nan. Sai kawai ta ce, "To gobe ki koya mini," ta miƙo mini soso.

Alhamis, 20 ga Yuni

Bakin Khaula! Ta kai wa Shef labari. Ya ce Juma'ar sama akwai walimar mutum tamanin, shakriyya na cikin jerin abincin, kuma a kanta zai auna ni.

Juma'a, 28 ga Yuni

Saura sa'a ɗaya a fitar da abinci kindirmon ya tsinke. Babbar tukunya guda, ruwa gefe, gudaji gefe. Na tsaya riƙe da ludayi, ina ganin mako huɗu sun tafi a banza.

Shef ya leƙo. Bai yi ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Ni ban san abincin nan ba. Wa ya sani?" Na ce kakata. Ya ce, "To me kike jira?"

Na kira Irbid daga ɗakin ajiya. Kaka ta ce, "Ja'ira, wuta kika cika masa, kuma na san kin saki ludayi. Sake sabo. Ƙwai ɗaya, garin sitaci kaɗan, juyi gefe guda har ya tafasa. Ko kiranki aka yi kar ki waiga."

Khaula ta kwaso duk kindirmon karin kumallon gobe. Na yi ta juyi har kafaɗata ta mutu. Shef da kansa ya soya tafarnuwa, yana tambayata, "Haka, ko a ƙara?" Ni yake tambaya!

Tukunyar ta dawo a kwashe tas.

Asabar, 29 ga Yuni

Ya sa hannu. A ƙasa ya rubuta: tana bukatar ƙarin aiki a kan kifi. Gaskiyarsa.

Asabar, 13 ga Yuli

Gobe jirgi. Shef ya ce in na gama makaranta akwai gurbi a nan, otal zai nema mini izinin zama. Na ce a'a, Mama na jirana, Kaka ta tsufa, kuma mun sha ƙaura ta ishe mu. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yadda kika gani, 'yata."

Ban gaya wa Mama maganar ba. Ba abin faɗa ai, tunda na ƙi.

Takalman aikina na bar su a durowar Khaula. Na ce mata jakata ce ta cika.

Jakar ba ta cika ba.