Gidan Baba Modu a ƙarƙashin yashi

Daren Laraba, Dei-Dei

Mun shigo Abuja bayan isha'i, har yanzu yashi na ƙas-ƙas a haƙorana. Oga ya ce tafiya ta yi kyau, ya ga giwaye a Yankari, ya ɗauki hoton tuddan yashi a Yusufari. Ni ne na tuƙa shi.

Baba Modu ne ya tsaya mini a rai, tsohon da ya yi mana jagora cikin hamada. Shi Babarbare, ni Bafulatani, dole a yi wasa. Tun safe nake tsokanarsa yana ramawa. Na ce bawana ne, ya ce nono ya toshe mini ƙwaƙwalwa. Da muka hau wani ƙaton tudu na ce, "Baba, ku Barebari ko gari ba ku iya zaɓa ba. Wa zai zauna nan in ba ƙadangare ba?"

Bai rama ba. Ya nuna ƙasan ƙafata da sanda. "Gidanmu ne ka taka. Yashi ya cinye. Kabarin innata ma yana ciki, na kasa gane wurin."

Oga na can yana gyara kyamara.

Can Baba Modu ya ce, "An ce ka yi allo. Yi mata addu'a."

Na karanta Ƙulhuwallahu. Da muka shafa na yi ta jira ya zage ni ko sau ɗaya. Har muka sauke shi a bakin kwalta, "malam" yake ce mini.