Kunyar Suruki Ta Sa Na Keta Jar Wuta

Gwaggo Ɗelu, don Allah ki taimake ni da shawara, don abin da ke cina ba na iya faɗa wa kowa a garinmu, dariya za a yi mini har jikokina.

Ni mutumin Madarunfa ne, sana'ata sarin kifi a bakin tafki in kai Maraɗi. Motar da nake aiki da ita ba tawa ba ce, ta surukina ce, mahaifin matata Asabe. Sunansa ba ya fita daga bakina, don haka zan kira shi Tsoho. Manomi ne a wajen Safo, mutumin gargajiya na sosai. Shanunsa ya sayar ya sayi motar, takardarta da sunansa take, ya miƙa mini makulli ta hannun ƙanensa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada in kai sunansa gaban hukuma. Abin alfaharinsa ke nan a duniya, ya tsufa bai taɓa taka ƙofar komisariyar ƴan sanda ba.

Kin san tsakaninmu da suruki. Ba na zama inda yake zaune, ba na haɗa ido da shi, balle in ci abinci a gabansa. Tun da na auri ƴarsa ko ruwa bai taɓa ganin na sha ba.

To, ranar Juma'ar da ta wuce na sauke kaya a Maraɗi, yunwa ta ci ni, na sayi soyayyen kifi. Eh, mai sayar da kifi ya sayi kifi, na san za ki yi dariya. Na tsaya a wata mararraba, wuta ta yi ja, na cika bakina dam, mai na bin haɓata. Ina waigawa sai ga Tsoho a bayan ɗan kabu-kabu, dab da tagata, har ina jin ƙamshin tabarsa. Gwaggo, ban san lokacin da ƙafata ta bar birki ba. Na keta jar wutar nan da kifi a baki. Wani mai amalanken jaki ya ja linzami da ƙyar, ya bi ni da zagin da na cancanta.

Da na waiwaya ta madubi sai na hango wani abu a saman ƙarfen fitilar, baƙi, mai ido. Abokina Bashir, direban hanyar Ɗan Issa, ya ce kamara ce, tana ɗaukar lambar mota a aika wa mai ita takardar tara. Wani kuma ya ce fitilar hasken rana ce kawai. Ni tarar ba ta dame ni ba, zan biya. Takardar ce nake tsoro, don ba ni za ta nema ba, Tsoho za ta nema. Mutumin da na guje wa don kunya, shi zan ja gaban hukuma da furfurarsa.

Tun ranar ba na barcin kirki. Duk babur da ya tsaya ƙofar gidana sai in leƙa in ga ko saƙon Tsoho ne. Abin da ya ƙarasa ni, jiya Asabe ta dawo daga gidansu da ƙullin yaji, wai Tsoho ya ce a ba mijinta, kifi ba yaji ba ya daɗi. Ita ba ta san komai ba, ta ajiye ta shiga harkarta. Me yake nufi? Takardar ta iso ne? Zai karɓe motar? In yi shiru ko in yi magana, kuma da wane baki?

Mai Kifi, Madarunfa

Ɗana Mai Kifi, na yi dariyar, ka yafe mini. Amma ban daɗe ina yi ba, saboda mai amalanken nan. Da jakinsa bai ji linzami ba, da wata wasiƙa daban nake karantawa yau. Kunyar suruki tarbiyya ce, ina yaba maka ita, yaran yanzu da yawa sun yar da ita. Sai dai Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. A kan kwalta ran mutane ne a gaba, kunya ta biyo baya.

Batun kamara, ba zan yi maka ƙarya ba, ban san abin da ke saman ƙarfen nan ba, kuma Bashir ma ina jin bai sani ba. Ba duk abu mai ido ne ke yanke tara ba. Maimakon ka zauna kana auna zancen tasha, ɗauki takardun motar da farminka na tuƙi ka je komisariya da kanka, ka ce kai ne direba ranar, ka tambaya ko akwai wani abu a kan lambar. In akwai, ka nemi a rubuta da sunanka, ka biya a inda doka ta ce, ka karɓi shaidar biya. In babu, ka huta. Wanda kuma ya kira ka a salula ya ce ka turo kuɗi ya share laifin, ɓarawo ne.

Yanzu yaji. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi ya sa ka ga takarda a cikin ƙullin. Ni ba ita na gani ba. Tsoho ya gan ka sarai, da kifinka da man haɓarka, ya kuma san dalilin gudunka. Da a ce fushi yake yi, da ƙanensa zai aiko ya karɓi makulli. Ba zai iya yi maka zancen baki da baki ba, don shi ma yana jin kunyarka, sai ya tsokane ka ta hanyar da al'ada ta bar masa. Ya buɗe maka ƙofa ke nan, kada ka bar shi tsaye.

Ka fara da Asabe, ka faɗa mata komai, ka bar ta ta yi dariyarta ta ƙoshi. Sannan ka je wurin ƙanen nan da ya miƙa maka makulli, ka riƙa masa goro da kifi mafi girma da tafki ya bayar a ranar. Ka ce a gaya wa Tsoho yaji ya iso, ka yi kuskure, ka riga ka kai kanka gaban hukuma don kada a nemi nasa sunan. Ba zan rantse maka ba zai yi faɗa ba, motarsa ce da shanunsa. Amma dattijo ya fi riƙe amanar wanda ya kawo kansa.

In kun sake haɗuwa a jar wuta, ka sunkuyar da kai, ka haɗiye abin da ke bakinka, ƙafarka na kan birki. Shi zai kau da kai, kamar yadda nake zaton ya yi ranar, da ka tsaya da ka gani. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a kasuwa. Yajin kuma ka ci shi, don kai aka daka.

Gwaggo Ɗelu