Gurbi Ɗaya Tsakanin Uba da Ɗa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu ma ta fannin lafiyar jiki sai godiya. Inna tana nan, idon ne dai ke damunta, kullum sai ta tambaye ni ko ka kira. Auta kuwa ta yi tsawo har ta kusa kamo ni.

Yaya, na zaɓi in rubuto ne saboda duk sanda ka kira, Baban Dogo yana kusa, ba na iya sakin baki. Ka san tun bara aka rufe kamfanin robobi. Abin da ba ka sani ba, shi aka kira ya kwance injunan da ya yi shekara da shekaru yana gyarawa, ya tsaya har aka loda su a manyan motoci. Har yanzu mutane Injiniya suke ce masa, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai. Da kamfanin ya tafi, layin nan duka ya bi shi. Mai abinci ta kulle, mai faci ya koma garinsu, ni ma keken ɗinkina sai in yini ban taka shi ba, don ba mai ɗinka sabo, sai dai faci da rage wuya. Duk wanda aka sallama ya nemi babur, har masu babur sun fi fasinja yawa. In ka tsaya gyara takalmi a bakin titi, sai ka ɗago ka ga sun kewaye ka.

A rediyo kullum cewa ake ayyuka sun ƙaru a ƙaramar hukumarmu. Wataƙila wannan suke nufi: an mai da ginin kamfanin sito, ana ajiye kayan da aka ƙera a wani wuri. Aikin na mako-mako ne, ɗauka da saukewa, ranar da ba mota ba aiki. Duk da haka, da aka ce za a ɗauki mutane, tun da sassafe layi ya kai har gidan mai.

Ran nan Baban Dogo ya ce mini zai je duba wani abokinsa. Dogo kuma, wanda tun da ya gama karatu ba ofishin da bai taka ba, ya ce zai leƙa wajen abokai. Ashe wuri ɗaya suka nufa, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Ana shigar da mutane rukuni-rukuni, sai ga su a benci ɗaya, a ɗakin da uban yake ajiye kayan aikinsa a da. Maƙwabcinmu direba yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce mai ɗaukar aikin yaro ne da ya taɓa koyon aiki a hannun Baban Dogo, da ya gan su ya rasa inda zai sa idonsa. Mai ɗaukar aikin ya ce musu gurbi ɗaya ya rage a rukuninsu, su daidaita tsakaninsu. Uban ya ce a ɗauki yaro, shi ke da sauran ƙarfi. Dogo ya rantse ba zai karɓi aikin da mahaifinsa ya zo nema ba. Uban ya daka masa tsawa, shi kuma ya kafe. Suna cikin haka mutanen baya suka fara hayaniya, babban manaja ya leƙo ya ce a kira na gaba. Wani ya shige, su biyun aka nuna musu ƙofa.

Dabam-dabam suka dawo gida. Tun ranar ba su haɗa ido ba, in wannan ya shigo tsakar gida wancan ya fice. Dogo ya fara zama a tashar manyan motoci, na kuma ji yana tambayar direbobi hanyoyin fita ƙasashen waje da ko sunansu ba na son ji. Na yi kuka, na roƙe shi, ya ce mini zama ya ga uban nasa haka ya fi masa tafiyar ciwo. Shi kuwa uban ya daina fita. Fankar ɗaki da ba abin da ya same ta yake kwancewa, ya goge, ya mayar, gobe ya sake. Abinci sai na tsaya a kansa. Jiya na shiga na tarar yana kallon tafin hannunsa, ya ce mini wai har ya fara laushi.

Yaya, ba kuɗi nake roƙo ba, na san nauyin da ke kanka. Ka taɓa ce mini a garejin da kake aiki ana neman mai sanin inji. Don girman Allah ka yi masa magana da maigidanku, ko wanke kayan aiki ne. In uban ya samu abin yi, na san Dogo zai saurare ni ya zauna. Amma ka san halin surukin naka, in ya ji ƙanshin taimako ba zai zo ba. Ka kira shi da kanka, kada ka ambaci takardar nan. Ka ce wani inji ne ya gagare ku, kuna neman wanda zai duba muku. Ka roƙe shi, Yaya. An daɗe ba wanda ya roƙe shi komai.

Ka gaishe mini da Anti, da Gwaggo in ka je wajenta, da takwarata da ƙannenta. Inna da Auta suna gaishe ka. Ina sauraron ƙarar wayar Baban Dogo.

Ƙanwarka,
Maman Dogo